Ganin wata: ido ke gani ko ƙwaƙwalwa?

A duk daren 29 ga Sha'aban, jama'a a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, kan fita bayan gari da faɗuwar rana don duban jinjirin wata. Wanda ya gani kan kai shaida ga hakimi, daga nan labari ya isa fadar Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda sanarwarsa ce miliyoyin Musulmin Najeriya ke jira kafin su ɗauki azumi.

To amma me ya sa mutane biyu za su tsaya wuri guda, ɗaya ya ce ya gani, ɗaya kuma ya ce bai ga kome ba?

Matakai biyu

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa gani gida biyu. Da farko ido ne ke karɓar haske, ya mayar da shi saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Daga nan ƙwaƙwalwa ta fassara saƙon, ta hanyar gwada shi da abin da mutum ya riga ya sani, da kuma abin da yake sa ran gani.

Wannan bayani ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra a shekarar 965, ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, kuma gani ba ya cika sai hankali ya yi nasa hukunci.

Inda kuskure ke shiga

Jinjirin wata siriri ne, ga shi yana bayyana cikin jan hasken almuru, sau da yawa kuma ga ƙura ko hazo. Idan saƙon da ido ya aika ya yi rauni haka, ƙwaƙwalwa kan cike giɓin da abin da take ɗoki. Sai zaren gajimare, ko hayaƙin jirgin sama, ko tauraruwar Zara, su rikiɗe su zama wata a wurin mutumin kirki wanda bai taɓa nufin yin ƙarya ba.

Wani bincike da Doggett da Schaefer suka wallafa a Amurka a 1994 ya gano cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu duba kan ce sun ga wata a lokacin da ba zai yiwu a gan shi ba. Tun 1932 kuma, Bafaranshe André Danjon ya nuna cewa ido ba ya iya kama jinjirin da tazararsa da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba.

Dalili ke nan da ya sa ake yi wa shaidu tambayoyi: ƙarfe nawa, ta wane gefen rana, ina ƙahonninsa suka fuskanta? Kwamitin ganin wata na ƙasa ma kan auna shaidar da lissafin masana falaki. Hausawa kan ce gani ya kori ji, sai dai shi ma ganin yana bukatar tantancewa.