Sukurun Da Ke Huda Ƙarfe Da Kansa

Ƙungiyoyin gama kai da yawa sun gaji da ɓarnar gara. Shi ya sa in za su gina sito ko gidan kaji, sai su kafa ginshiƙai da sandunan ƙarfe maimakon katako. Amma ƙusa ba ta shiga ƙarfe. To, da me za a kama kwano?

Akwai wani sukuru da aka yi domin wannan aiki. Bakinsa kamar na abin huda ƙarfe yake. In an sa shi a injin huda, shi zai huda ramin, ya yi wa kansa zare, ya kuma ɗaure, duk a tafi ɗaya.

Kafin ku saya, ku auna kaurin ƙarfenku. Bakin sukurun yana da lamba. Lamba 2 na ƙarfe marar kauri ne, lamba 3 yana huda kamar milimita 4, lamba 5 kuwa har milimita 12. Dole tsawon bakin ya fi kaurin ƙarfen, domin ya gama huda kafin zaren ya kama. In ba haka ba, sai sukurun ya karye. A zaɓi mai tsawo yadda zare uku za su leƙo ta bayan ƙarfen.

Kan sukurun ma iri-iri ne. Na kwano yana da kai mai kusurwa shida, da 'yar roba a ƙarƙashi mai tare ruwa. A rufi, a kafa shi a kan tudun kwano, gama ruwa ta kwari yake bi. A bango kuwa, ana iya kafa shi a kwarin. In ragar ƙarfe za a kama domin a yi yaɓen siminti a kai, sai a nemi mai faffaɗan kai, a jera su kamar inci 6 tsakani.

Wajen ɗaurewa, a riƙe injin a miƙe. Da robar ta zauna daram, sai a tsaya. In an matse ta har ta baje, za ta tsage, ruwa ya sami hanya. In kuma an bar ta sako-sako, iskar farkon damina za ta yi ta girgiza kwanon har ramin ya buɗe. Bayan aiki a share garin ƙarfen da ya zuba, gama shi ke fara jawo tsatsa.

Ku sayi wanda aka shafa wa maganin tsatsa, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado. Ɗigo ɗaya a kan buhunan masara ya isa ya kawo ruɓa ga wahalar shekara guda. Saboda haka kafin hadari ya fara haɗuwa, shugabanni su sa a hau a duba kowane layi.