Kada A Yi Saurin Wanke Kwamfuta Don Ta Ƙi Tashi

A 'yan shekarun nan kwamfuta ta shiga harkokinmu na Zango a nan Wagadugu kamar yadda rediyo ya shiga gidajen iyayenmu. Masu shagunan buga takardu da ita suke cin abinci. Ɗalibanmu na Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a cikinta suke rubuta kundin gama karatu. 'Yan kasuwa sun fara zuba lissafin bashi a ciki, mu kuma malaman makaranta a nan muke ajiye makin yara. Galibin waɗannan na'urori kuwa gwanjo ne daga Turai, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da "France au revoir". Sun ga jiya, sun ga yau.

To, akwai wani kuka da ya yawaita a tsakanin masu su. Mutum zai tashi kashe na'urarsa da dare, sai ta rubuta masa cewa tana "mise à jour", watau tana sabunta Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Gari na wayewa sai ta ƙi tashi, ko ta nuna shuɗin allo, ko ta daina ganin injin buga takarda. Daga nan sai a sungume ta zuwa wurin mai gyara, shi kuma sau da yawa maganinsa guda ne: a yi mata "formater", watau a wanke ta tas a zuba sabuwar manhaja. Na'ura ta tashi, amma kundin ɗalibi da littafin bashin ɗan kasuwa sun tafi. An je neman gira an rasa ido.

Abin da muke so a gane shi ne, idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabuntawa, mafi yawan lokaci takardunka suna nan a cikinta, ba abin da ya taɓa su. Ƙofar ɗaki ce ta cije, kayan ɗaki na nan. Wankewar ce ke hallaka su.

Me ke kawo matsalar?

Kamfanin Microsoft yakan fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Lokacin da na'ura ke karɓar su, tana cire wasu sassan manhajar ne tana maye su da sababbi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, kamar yadda muka saba gani a watannin zafi daga Maris zuwa Mayu, sai a bar ta rabi tsohuwa rabi sabuwa. Wani lokaci kuma wurin ajiya ne ya cika, ko kuwa sabon gyaran bai jitu da tsofaffin kayan cikin na'urar ba.

Wani sa'in laifin daga can tushe yake. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya janye wata sabuntawar Windows 10 cikin 'yan kwanaki, bayan ta share takardun wasu mutane. Ran 19 ga Yuli 2024 kuwa, wani gyara da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows a duniya, har jiragen sama suka kasa tashi, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya. Abin lura a nan shi ne yadda aka warware ta: an shiga na'urorin ta ƙofar baya an goge fayil guda ɗaya tak, ba wanke su aka yi ba.

Kada kuma wannan ya sa wani ya ce ya rufe ƙofar sabuntawa har abada. A watan Mayu na 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kuwa tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganinta. Waɗanda ba su karɓa ba su ta kama.

Matakan gyara

Na farko, haƙuri. Tsohuwar na'ura tana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye tana sabuntawa. Kada ka danne maɓallin kashewa don ka ga ta daɗe.

Na biyu, in ta ƙi tashi, cire duk abin da aka jona mata, kamar kile USB da injin buga takarda, sa'an nan ka sake kunnawa.

Na uku, in har yanzu shiru, ka kunna ta, da zarar tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓallin har ta mutu. In ka maimaita haka sau biyu zuwa uku, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Da yake na'urorinmu da Faransanci suke magana, sai ka shiga "Dépannage", daga nan "Options avancées", sa'an nan "Désinstaller des mises à jour". Wannan zai cire gyaran da ya kawo cikas, ya bar takardunka yadda suke. A wannan shafin ne kuma ake samun hanyar shiga "Mode sans échec", ƙofar bayan nan da muka ambata, inda na'ura ke tashi da muhimman sassanta kawai.

Na huɗu, in babbar sabuntawa ce aka yi, Windows yana ba da kwana 10 a koma tsohon yayi. Tsohon yana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, saboda haka kada a goge ta don neman wuri sai an tabbata komai lafiya.

Na biyar, in ya zama dole a je wurin mai gyara, maganar farko ita ce ya kwashe maka takardunka a gabanka kafin ya taɓa komai. Zai iya ta da na'urar da kile mai Linux, ko ya ciro faifan ajiyar ya jona wa wata. In faifan a kulle yake da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Mai gyaran da ya ce babu lokacin wannan, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kile USB ba ta kai kuɗin sake buga kundi guda ba. A riƙa kwafe muhimman takardu a kai kowace Juma'a, a ajiye ta a wani wuri dabam. Mai laftof ya cika batir kafin ya yarda a sabunta, mai ta tebur kuma ya nemi "onduleur", akwatin nan mai riƙe wuta na ɗan lokaci. Idan ana tsakiyar aiki mai muhimmanci, kamar lokacin haɗa takardun jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ana iya dakatar da sabuntawa har mako biyar. Wanda ke jona intanet daga wayarsa kuma ya kunna "Connexion limitée", don kada na'ura ta cinye masa kuɗi cikin dare.

Saura magana guda. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 yadda aka saba. Windows 11 da ya gaje shi yana buƙatar wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗansa ba. Ana iya cusa shi da dabara, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan na'urori gyara ba. Mai tsohuwar kwamfuta da aikinsa bai wuce rubutu da lissafi ba, yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna jin Faransanci. Wannan ma sai an kwashe takardu tukuna.

Muna kira ga matasanmu da suka iya wannan aiki su riƙa leƙa shagunan iyayenmu suna nuna musu. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah, su tuna abin da ke cikin na'urar amana ce a hannunsu. Allah ya tsare mana dukiyarmu da guminmu, amin.