Bayan Doki da Ƙafafunshi: Abin da Hannu Ke Iyawa

Yau zancenmu na doki ne.

Kurfai ƙasar dawaki ce tun kaka da kakanni. Da doki aka yi yaƙi, da doki aka yi sarauta. Fari na 1973 da na 1984 sun rage bisashe ƙwarai, daga baya kuma babur ya zo ya karɓe ma doki aikinshi. Amma a shekara 2020, da aka hana hawan babur a wurare da yawa na jahar Tillaberi saboda rashin kwanciyar hankali, mutane sun sake tuna amfanin doki da jaki da amalanke. Wanda ke da doki lafiyayye ya je kasuwa, ya kai marar lafiya likita. Wanda dokinshi ke da miki a baya ya tafi da ƙafa.

Ciwo biyu ke yawan kwantar da dokin aiki: ciwon baya da ciwon ƙafa. Dukansu mai doki na iya gane su da hannunshi tun ba su yi nisa ba.

YADDA BAYAN DOKI YAKE

A tsakiyar baya akwai ƙashi. A hagu da dama akwai nama mai kauri, ya kwanta bisa haƙarƙari. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe. Wannan nama da haƙarƙari su ke ɗaukar nauyi. Ƙashin tsakiya ba ya son a danne shi ko kaɗan.

Saboda haka sirdi mai kyau ba ya taɓa ƙashin baya. In ka ɗaura sirdi ka hau, ka sa yatsu tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa. Yatsu biyu ko uku su shiga. In ba su shiga ba, sirdin yana cin dokinka. Kuma kada sirdi ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, don bayan nan babu abin da ke tallabe nauyi.

Masana sun ce nauyin da doki ke ɗauka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinshi. Doki mai kilo 300 ke nan zai ɗauki kilo 60, har da sirdi. Mutum ƙato da buhun hatsi a baya sun yi mashi yawa.

A lura da wannan kuma: sirdin da ya yi ma doki daidai bayan girbi ba zai yi mashi daidai da bazara ba. Da bazara abinci ya ƙare, doki ya rame, naman baya ya zube, itacen sirdi ya sauka bisa ƙashi. Lokacin nan ne miki ke yawa. Sai a ƙara kaurin zubka ta gefe biyu, a bar tsakiya a buɗe.

ALAMUN CIWON BAYA

1. Doki yana noƙe baya ko yana kwantar da kunnuwa in ya ga sirdi.
2. Yana cizo ko harbi in ana jan majayi, alhali da ba ya yi.
3. In an sauke sirdi, ko'ina ya jiƙe da gumi amma wani wuri ya bushe. Wurin nan an danne shi da yawa.
4. Akwai kumburi, ko zafi, ko gashi ya kaɗe.
5. Farin gashi ya fito a inda babu shi da. Wannan shaidar tsohon rauni ce.

Doki ba ya magana. Sau da yawa abin da muke kira mugun hali, ciwo ne.

YADDA AKE TAUSA

Tausa tana sassauta naman da ya ƙage, tana sa jini ya gudana, tana kwantar ma doki da hankali. Babban amfaninta kuwa shi ne, mai yin ta kullum shi ke fara jin wurin da ya sake.

Ga yadda ake yi:

1. Bayan tafiya, a sassauta majayi, a ja doki a hankali har numfashinshi ya daidaita. Sannan a sauke sirdi.
2. A goge gumi da ƙura da tsumma mai tsabta. A cire ƙarangiya da kaska. Tausa bisa yashi kamar gugar dutse ce.
3. Ka tsaya a gefe, kusa da kafaɗa. Kada ka tsaya a bayanshi. In da hali wani ya riƙe ragama.
4. Ka shafa da tafin hannu daga wuya zuwa gindi, yadda gashi ya kwanta, sau goma a kowane gefe.
5. Ka danna naman gefen ƙashi da gindin tafin hannu, kana kewayawa kaɗan-kaɗan. Ka fara da sauƙi. Kada ka danna ƙashi.
6. Ka dubi fuskarshi. In ya sauke kai, leɓe ya saki, yana lumshe ido, yana jin daɗi. In ya ɗaga kai, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ka sassauta.
7. Ka ƙare da shafa kamar yadda ka fara.

Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa. Ba sai da mai ba. Mai yana kama ƙura, in aka ɗora sirdi bisa shi sai ya goge fata.

Ba a tausa bisa miki, ko kumburi mai zafi, ko ƙurji. Ba a tausa ma doki mai zazzaɓi. Zafin jikin doki lafiyayye yana tsakanin 37,5 da 38,5. Kumburi mai zafi ruwan sanyi yake so.

Kuma mu faɗi gaskiya: tausa ba ta gyara abin da sirdi ke ɓatawa kowace safiya. In ba a kai sirdi wurin baduku an gyara ba, ko a yi tausa shekara guda ciwo yana nan.

IN MIKI YA FITO

A wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, lita ɗaya da ƙaramin cokali biyu na gishiri. A yi haka safe da marece, a kare shi daga ƙudaje. Kada a sa baƙin man mota, ko garin batir, ko kashin shanu. Suna ƙone nama, suna kawo cuta. Kada a ɗora sirdi sai miki ya warke sarai.

Cuta biyu ke shiga ta miki. Ɗaya ita ce tetanos, mai sandarar da jiki da muƙamuƙi, kuma doki ba ya cika tsira daga gare ta. Akwai allurar rigakafinta. Ɗayar tana fitar da ƙuraje a jere kamar igiya, a ƙafa ko wuya, suna fashewa da mugunya. Tana bin zubka da majayi daga doki zuwa doki. Don haka kada a yi aron kayan dokin da ke da ƙuraje. In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku nemi likitan bisashe ba da jinkiri ba.

KARIYAR ƘAFA

Daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka. Ƙashi ne da jijiya da fata kawai. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da fiye da rabin nauyinshi. In jijiyar bayan ƙwauri ta yi rauni, warkewarta tana cin wata shida har shekara.

Shi ya sa masu wasan folo a Kano da Katsina ke naɗe ƙafafun dawakinsu, don sanda da ƙwallo na bugunsu. A ƙasashen waje ana ɗinka ma doki wata ƴar riga ta fata ko roba, ana ɗaura ta a ƙwauri. Amfaninta guda ne: tsare ƙafa daga bugu. Ba ta ƙara ma jijiya ƙarfi, ba ta warkar da ɗingishi.

Ba kowane doki ke bukatarta ba. Ka dubi ƙafafun naka:

In gashi ya kaɗe ko akwai tabo a cikin idon ƙafa, ƙafa ɗaya ke bugun ɗaya. Yana son kariya mai kauri ta ciki.

In rauni a diddigen ƙafar gaba yake, kofaton baya ke taka shi. Yana son kariya mai kama da ƙoƙo, wadda ke rufe diddige.

In babu ko ɗaya, ka bar ƙafar haka nan.

Kafin ka kashe kuɗi, ka dubi kofato. Sau da yawa kofaton da ya yi tsawo ko ya karkace shi ke kawo bugun. A yanke shi daidai kowane sati shida zuwa takwas.

Baduku na garinmu yana iya ɗinka kariya da fata mai laushi. A yi ta daidai da ƙwauri, kada ta hana gwiwa lanƙwasa. A sa maɗauri ta waje. In an ɗaura, yatsa ɗaya ya shiga tsakaninta da ƙafa. In ta matse da yawa tana ɓata jijiyar da aka so tsarewa. In ta yi sako-sako tana zamewa doki ya yi tuntuɓe.

Ƙasarmu tana da zafi da yashi, sai a yi hattara. Lokacin sukuwa cikin jijiya yana yin zafi har 45, kariya kuwa tana riƙe zafin. Yashi ma yana shiga ciki yana goge fata. Saboda haka a ɗaura ta lokacin aiki kaɗai. Da an sauka a kwance, a zuba ma ƙafa ruwan sanyi, a kakkaɓe kariyar a shanya ta.

Kada mu manta da dabaibayi. Igiyar leda tana yanka ƙafa fiye da ƙaya. A yi dabaibayi da igiyar auduga mai faɗi, ko a naɗe ta da tsumma, a riƙa sauya wuri.

ABIN DA ZA A RIƘE

Kowane marece, ka bi bayan dokinka da ƙafafunshi huɗu da hannu. Ka gwada hagu da dama. Inda ya fi zafi ko ya kumbura, can matsala take. Hutun kwana uku yau ya fi kwanciyar wata uku gobe.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta ma maƙwabta wannan takarda a dandali. Wanda ke da tambaya ya kai ta ga ma'aikacin kiwo mafi kusa da shi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.