Dokar Ɗumama Gidaje a Jamus: Ina Iyakar Ikon Gwamnati Kan Mai Gida?

A ranar 8 ga watan Satumba na 2023 Majalisar Dokokin Jamus ta zartar da gyaran dokar makamashin gine-gine, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Dokar ta tanadi cewa duk sabuwar na'urar ɗumama gida da za a kafa, tilas kashi 65 cikin 100 na makamashinta ya fito daga hanyoyin da ba sa ƙarewa, kamar iska da hasken rana da zafin ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin gwamnati a fili yake. Kimanin rabin gidajen Jamus da iskar gas ake ɗumama su, kusan kashi ɗaya bisa huɗu kuma da mai. Kafin yaƙin Yukren na 2022, fiye da rabin gas ɗin da ƙasar ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. Bugu da ƙari, Jamus ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2045. Tunda na'urar da aka kafa yau tana iya shekara 20 tana aiki, gwamnati ta ga dole a tari abin tun daga lokacin saye.

Masu gidaje kuwa sun dubi al'amarin ta fuskar aljihu da ta 'yanci. Na'urar da dokar ta fi karkata gare ta, mai zuƙo zafi daga iska ko ƙasa da ƙarfin lantarki, ta fi tukunyar gas tsada nesa ba kusa ba, kuma a tsohon gini sau da yawa sai an ƙara gyaran bango da tagogi. Ga ɗan fansho wanda gidan nan shi ne duk abin da ya tara, wannan nauyi ne babba. Masu adawa suka ce ba hurumin gwamnati ba ne ta zaɓa wa mutum abin da zai kafa a gidansa. A watan Yunin 2023 mutane kimanin 13,000 suka yi zanga-zanga a garin Erding na jihar Bavariya, sannan a watan Yuli Kotun Tsarin Mulki ta dakatar da ƙuri'ar majalisa domin ba a ba wakilai isasshen lokacin nazari ba.

Wannan matsin lamba ya sa Ministan Tattalin Arziki na lokacin, Robert Habeck, da abokan mulkinsa suka sassauta. Aka fara da sababbin unguwanni kawai, aka ɗaga wa tsofaffin gidaje ƙafa har zuwa tsakiyar 2026 a manyan birane, da tsakiyar 2028 a ƙanana. Aka kuma amince a ci gaba da gyara tsohuwar tukunya idan ta lalace. Gwamnati ta ware tallafi har kashi 70 cikin 100 na kuɗin da bai wuce Yuro 30,000 ba.

Abin da ya faru a kasuwa shi ne darasi ga 'yan kasuwa. Don tsoron doka, jama'a suka yi rububin sayen tukunyar gas a 2023, wato akasin abin da gwamnati ta nufa. Na'urorin zuƙo zafi kuwa, da aka sayar da 356,000 a 2023, suka faɗo zuwa 193,000 a 2024, domin masu saye sun tsaya jiran ganin inda dokar za ta dosa. Kamfanonin da suka zuba jari don faɗaɗa masana'antu suka tashi da kaya jibge a rumbunan ajiya.

Ba Jamus kaɗai ba ce. Tarayyar Turai ma, a dokarta ta gine-gine ta 2024, ta janye shirin tilasta wa kowane mai gida gyara, ta koma ɗora wa ƙasashe rage matsakaicin makamashin gidaje da kashi 16 cikin 100 nan da 2030. Duk da haka Italiya da Hungary suka ƙi amincewa.

A 2025 gwamnatin haɗin gwiwa ta Friedrich Merz ta rubuta cikin yarjejeniyarta cewa za ta soke dokar ta maye gurbinta. Ga ƙasashen da ke sayar wa Turai gas, ciki har da Nijeriya, abin lura shi ne yawan gas ɗin da Turai za ta buƙata nan gaba ya danganta da yadda za a warware wannan taƙaddama.