Kififiya a Gidan Hamada: Abin da Iyaye Za Su Sani Kafin Su Saya

A bara wani maƙwabcinmu a Silet ya dawo daga arewa da tsaraba wa ƴaƴansa: ƴar kififiya koriya, girmanta bai fi murfin tukunyar shayi ba, tana iyo cikin kwanon roba. Da sanyi ya shigo sai ta daina ci, idanunta suka kumbura. Ya zo yana tambaya ko maganin mutane zai yi mata. Ruwan da take ciki ne ya yi mata sanyi da datti.

Irin wannan kififiya mai jan zane a gefen kai asalinta kudancin Amurka ne, wajen kogin Misisifi. Mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba cewa takan kai santimita 25, kuma takan rayu shekara 20 zuwa 30. Yaron da aka saya wa zai yi aure tana nan. Tun da an tsare ta, cinta da shanta sun hau wuyan mai gida, kamar yadda hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa ya nuna.

Babban nauyin shi ne ruwa, kuma a nan ne ya kamata mutumin Silet ya tsaya ya yi lissafi. Masu kiwonta suna ƙiyasta lita 15 ga kowane santimita na tsawon ƙoƙon bayanta. Ƴar ƙarama tana buƙatar lita 60 zuwa 80. Babba kuwa sai tankin da ya haura lita 300. A cikin ruwan take ci, a ciki take kashi, don haka ko da an sa matatar ruwa mai aiki da lantarki, sai an kwashe kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako an zuba sabo. Mu tuna cewa birnin Tamanrasset, mai nisan kilomita kusan 130 daga nan, bai sami wadatar ruwa ba sai da aka jawo shi ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, a shekarar 2011. Gidan da ake auna ruwan wanka da buta, gaskiya ban ga dalilin da zai ɗauki wannan nauyi ba.

Wanda ya riga ya ɗauka, akwai dabaru. Kififiya ba ta iya haɗiye abinci sai cikin ruwa, to a riƙa ba ta abinci a wani kwano dabam sannan a mai da ita tanki. Ruwan zai daɗe bai ɓaci ba. Iskarmu busasshiya ce, ruwa yana ƙafewa da sauri ya bar gishirinsa a baya, saboda haka ciko kawai ba ya maye gurbin canji. A rufe tankin da raga ranar da ƙura ta taso. Ruwan da aka kwashe a zuba wa dabino, kada a kai shi ga salati ko tumatir da ake ci ɗanye.

Zafin jikinta na bin na muhallinta. Ruwan da ya fi dacewa da ita digiri 24 zuwa 28 ne, amma daren hunturu a ƙasar Ahaggar yakan sauka ƙasa da haka ƙwarai. Na'urar ɗumama ruwa tilas ce daga Nuwamba zuwa Maris. Kumfa a hanci, ko iyo a karkace, alamar ciwon huhu ce, sai likitan dabbobi. Tana kuma buƙatar busasshen dutse da za ta hau ta sha hantsi, domin hasken da ke ƙarfafa ƙoƙonta ba ya ratsa gilashin taga. Amma ranar bazara tana iya kashe ta cikin ƙaramin kwano, don haka hantsin safe ya isa, da inuwa a gefe.

Ƙarama tana cin ƙwari da ƙananan kifi kullum. Babba ganye ya fi yawa a abincinta, bayan kwana biyu ko uku. Burodi da tuwo ba abincinta ba ne.

Iyaye mata su lura da wannan: kififiya mai ƙoshin lafiya ma takan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiya a 1975. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya taɓa ta, manya su wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kayanta inda ake wanke kwanuka.

Idan ta gagari gida, kada a kai ta gulbin dutse a sake. Tafkunan Issakarassene da Afilal suna cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta kare, kuma ƙananan kifin da suka saura a cikinsu ba su da wurin gudu. Tarayyar Turai ta hana shigo da irin wannan kififiya tun 1997 bayan waɗanda aka saki sun cika koguna. A nemi gidan da ke da hali a ba su, ko a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na jihar.