Aogashima: Tsibirin Japan da isa gare shi sai da haƙuri

Aogashima ƙaramin tsibiri ne a tekun Fasifik, kimanin kilomita 358 kudu da birnin Tokyo, kuma a ƙarƙashin gwamnatin birnin yake. Mazaunansa ba su wuce 170 ba, abin da ya sa ya zama ƙaramar hukuma mafi ƙarancin jama'a a ƙasar Japan. Natsuwar da ke jan baƙi zuwa can ta samo asali ne daga wahalar hanyarsa.

Matafiyin da ya taso daga Akurba, a Lafiya ta Jihar Nasarawa, zai fara neman bizar Japan a Abuja, sannan ya yada zango a wata ƙasa, domin babu jirgin da ke tafiya kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan. Daga filin jirgin Haneda na Tokyo, tafiyar kusan awa guda ce zuwa tsibirin Hachijojima. A nan hanya ta rabu biyu: jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar mutum 9 cikin minti 20, ko jirgin ruwa na kimanin awa 3, wanda igiyar teku ke yawan hana shi tashi. Baƙon da bai tanadi kwanakin jira ba yana iya maƙalewa. Masaukan baƙi kuwa kaɗan ne, sai an kama ɗaki tun kafin a taso.

Tsibirin kansa dutse ne mai aman wuta. A 1785 ya yi aman da ya halaka fiye da mutum 130 daga cikin mazauna 327. Waɗanda suka tsira sun yi hijira zuwa Hachijojima, ba a kammala komawa gida ba sai a 1835. Har yau hukumar yanayi ta Japan tana sa ido a kan dutsen.

Sai dai zafin da ya taɓa korar jama'a shi ne yanzu abin dogaronsu. Tururi na fitowa daga ƙasa a cikin kwarin dutsen, inda ake dafa ƙwai da dankali ba tare da hura wuta ba. Da tururin ne kuma ake ƙafar da ruwan teku a samar da gishirin da tsibirin ya yi suna da shi. Sana'ar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nasarawa, inda matan Keana suka gaji tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwanta, sai dai su da itace suke yi.

Babbar damuwar tsibirin ita ce matasa. Babu babbar makarantar sakandare, don haka yara kan bar gida suna da shekara 15, kuma ba duka ke dawowa ba. Kuɗin da baƙo ke kashewa a masauki da gishiri yana cikin abin da ke riƙe waɗanda suka zauna. Amma kujerun jirgin da baƙi ke nema, su ne mazauna ke buƙata idan za su je asibiti ko makaranta.