Idan Kwana 21 Ya Cika Ƙwai Bai Fashe Ba

'Yan'uwa, tun da ƙananan injinan ƙyanƙyasa suka fara shiga gidaje a Tambuwal da Kebbe, na wutar sola da na kananzir, tambayar da aka fi yi mana ita ce: kwana 21 ya cika, waɗansu 'yan tsaki sun fito, sauran ƙwai shiru, mu fasa ko mu bari? Ba ma ganin laifin mai tambaya, gama ya sa kuɗinsa, ya kuma yi mako uku yana tashi da dare duba zafi. Amma a zagayawarmu, 'yan tsakin da muka ga hannu ya kashe sun fi waɗanda hannu ya ceta. Mu ma mun yi wannan kuskure a farkon aikinmu: muka ɓare ƙwai don tausayi, jini ya fito, kafin yamma ɗan tsakon ya mutu.

Da farko a sake lissafi. Ranar da aka zuba ƙwai ba ta cikin ƙidaya. Wanda ya zuba ran Litinin, sai Litinin ta uku zai sa ido. Ƙwan zabi kuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28, na agwagwar gida har 35. Da damina, sa'ad da ƙwan zabi yake da yawa, mutane sukan haɗa shi da na kaji a inji ɗaya, sa'an nan su ɗauka ya makara alhali lokacinsa ne bai yi ba.

Ko da lissafi daidai ne, ƙwai yakan yi jinkiri idan zafi ya yi ƙasa. Injin da ke da fanka yana bukatar digiri 37.5 a ma'aunin Salsiyus. In batir yana mutuwa da asuba, ko fitila tana raguwa a sanyin Disamba da Janairu, ɗan tsako ba lalle ya mutu ba, girmansa ne ke tafiya a hankali, sai ya fito a kwana 22 ko 23. Ƙwan da ya wuce mako ɗaya a ajiye kafin a zuba shi ma haka yake, yakan makara.

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa a ciki. Wajen kwana 19 zuwa 20 ɗan tsako yakan huda tantani ya shigar da bakinsa cikin ɗakin iskar da ke faffaɗan kan ƙwai, ya fara numfashi. Lokacin ne ake jin kukansa in an kara ƙwai a kunne. Daga baya ya ƙwanƙwasa ɓawo ya yi 'yar huda, sai kuma ya yi shiru. Wannan shirun shi ke tayar wa mutane da hankali, amma aiki yake yi. Jinin da ke cikin jijiyoyin tantani yana komawa jikinsa, sauran gwaiduwa kuma tana shiga cikinsa ta cibiya, ita ce abincinsa na kwana biyu zuwa uku na farko. Daga huda zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24. Duk wanda ya ɓare kafin wannan ya ƙare, jijiya zai tsinka, ko ya fitar da ɗan tsako da gwaiduwa a waje.

A ƙasarmu babban abokin gaba shi ne bushewar iska. Kwana 18 na farko danshi kashi 50 zuwa 55 cikin 100 ya isa, amma daga kwana 18, ranar da ake daina juya ƙwai, ana bukatar kashi 65 zuwa 70. Da hunturu, iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ke shiga inji duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Tantani ya bushe, ya manne wa ɗan tsako kamar leda, ya kasa juyawa. Sau da yawa yara ne da maƙwabta masu son gani suke jawo wannan. A ƙara faranti mai faɗi da ruwan ɗumi, a sa tsumma mai tsabta a ciki. Faɗin ruwan ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Kada a toshe ƙofofin iska domin riƙe danshi, ɗan tsako yana numfashi. Da damina kuwa, musamman a Agusta, a rage ruwa a makonnin farko, gama in ɗakin iska bai yi girma ba ɗan tsako yakan shaƙi ruwa.

To, yaushe za a taimaka? In awa 24 ta wuce da huda, bai ƙara fasa kome ba, yana kuka, tantanin da ake gani kuma ya bushe ya koma launin ƙasa. Wanda ya huda ta siririn kai sai a ƙara masa lokaci, domin bai sami ɗakin iska ba, hudar nan ce numfashinsa na farko.

A wanke hannu da sabulu, a rufe taga. A tafasa matsefata, a sami auduga da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi. Daga bakin hudar, a riƙa cire ɓawo ƙanana ƙanana zuwa wajen faffaɗan kai, ba tare da taɓa tantani ba. A shafa wa tantanin jiƙaƙƙiyar auduga, a kula kada ruwa ya shiga hancinsa. Da ya jiƙa za a ga cikinsa. In akwai jajayen jijiyoyi, ko ɗigon jini ya fito, a tsaya nan take, a mai da ƙwan cikin inji, a dawo bayan awa uku ko huɗu. In babu, a ja tantanin a hankali daga kai da fiffike, sa'an nan a bar shi cikin rabin ɓawonsa ya tura kansa waje da ƙafafunsa. Kada a ja shi. Duk aikin kada ya wuce 'yan mintoci, sanyi ma yana kisa. Idan an ga gwaiduwa a cibiya, a zaunar da shi da ɓawonsa cikin ƙaramin kofi a cikin inji har ta shige.

Ƙwan da bai huda ba, a haska shi da tocila cikin duhu. In an ga baki a ɗakin iska, ana jin kuka, kwana ɗaya kuma ya wuce haka, a yi 'yar huda a faffaɗan kai domin iska, a mayar. In babu motsi babu kuka har ƙarshen kwana 23 ga kaji, ko 30 ga zabi, ɓaragurbi ne. A binne shi nesa da akurki, a wanke inji kafin a sake zubi.

Ba duk wanda aka taimaka ke rayuwa ba, waɗansu tun asali raunana ne. Wanda ya rayu a bar shi ya bushe cikin inji, a ba shi ruwa kafin tsaki, a ɗaura masa zare a ƙafa domin a gane shi. Shawararmu ita ce kada a bar shi don iri, a kiwata shi don nama ko kasuwa. Ƙungiyoyin mata da ke tarayya a inji ɗaya kuma su rubuta ranar zubi da fensir a jikin kowane ƙwai, su zaɓi mutum ɗaya tak da zai riƙa buɗe ƙofa daga kwana 18.